Jemagun da Na Kora da Ɗorawar Malam Takwas

Ranar Lahadin da aka yanke maganar, mu shida ne a zauren gidanmu bayan la'asar. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, sai dai in ce Babba. Akwai ƙannensa, Sani da Rabi, kuma Rabi ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. Akwai baffansu Alhaji Mati, ƙanin marigayi Malam maigidana. Na shida shi ne Haruna mai injin yanka itace, wanda ba wanda ya gaya mini an kira shi, sai ganinsa na yi a bakin ƙofa yana kaɗe takalmi.

Maganar ɗorawa ce. Guda takwas ne a gonar Malam da ke bayan gari, kuma da kalwarsu na yi shekara arba'in ina daddawa. Tun bayan rasuwarsa suka daina haihuwa. Za su yi tutu, furen nan nasu jajir, ya yi ta reto gwanin sha'awa, sannan ya zube a bar tsinke tsirara. Shekara uku ke nan abin da nake samu a kansu bai cika kwando ba.

Babba ya ce, "Inna, sun tsufa. Inuwarsu tana cinye mana masara, ga taki ya fi ƙarfinmu. A sare a sayar wa masu gawayi, mu sayi taki."

Alhaji Mati ya ce, "Albarkarsu ta bi mai su, Hajiya. Sai haƙuri."

Na ce ɗorawa ba ta tsufa a idon wanda ya gan ta tana ƙarama. Na ce kalwar da nake saye yanzu daga ƙauyen su Tabawa 'yar'uwata take fitowa, can bayan Dayi, kuma itatuwansu ba su fi namu yarinta ba. Ruwan sama ɗaya muke sha. A ba ni kwana uku in je in gani da idona. Haruna ya ce shi dai ranar Alhamis yake da sarari. Ban dube shi ba. Aka tsaya a kan Alhamis.

LITININ: DAGA GIDA ZUWA MALUMFASHI

Na idar da sallar asuba, na ɗaura zane biyu a ƙunshi da ɗan ƙulli na daddawa don tsaraba. Ƙarfe biyar da rabi mai mashin ya zo. Muka tsaya a bakin gari har 'yan sintiri suka janye gungumen da suke tare hanya da shi. Mun ratsa Tsiga shida da kwata, mata na share ƙofar gida. Bakwai daidai ya sauke ni a tashar Bakori, ya karɓi dubu ɗaya da ɗari biyar. Na ce masa da wannan kuɗin a da har Kano ake kai mutum a dawo da shi.

Ya ce, "Hajiya, a da ai da ruwa mashin yake tafiya."

Ban yi dariya ba. Na sayi koko da ƙosai na ɗari uku, ƙosan guda huɗu, kowanne bai fi ƙwayar ido ba.

Motar Malumfashi ba ta cika ba sai takwas saura kwata. Dubu biyu kowa. Mu huɗu aka cusa a baya, wata yarinya ta ɗora mini gwiwar hannu a haƙarƙari tana ta latsa waya, ko sannu. Shinge uku muka wuce. A na biyun wani jami'i ya leƙo ya ce, "Mama, ina zuwa?"

Na ce, "Za ni duba ɗorawa."

Ya ce, "Ba ta da lafiya ne?"

Duk motar aka fashe da dariya. Na ce masa, "Tamu ce ba lafiya, za ni ganin mai lafiya." Ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Ni idona yana kan titi. Buhunan gawayi jere a kowane ƙauye, an rufe bakinsu da ganye. A gonaki kututture ya fi itace yawa. Na tambayi direba wane ice ake ƙonawa haka. Ya ce, "Duk wanda ya tsaya, Hajiya. Kaɗanya, ɗorawa, marke, ba a tambayar sunansa."

Tara da 'yan mintoci muka shiga Malumfashi. A bakin tasha wata ta miƙo mini daddawa wai in saya. Ban ma kai ta hanci ba na gane ta waken suya ce. Na ce, "'Yar nan, wa kike yi wa wannan?" Ta ce, "Inna, ita ake ci yanzu, ta kalwa sai masu hali." Na mayar mata da abinta.

DAYI DA ƘAUYEN SU TABAWA

Wata bas mai ƙofa ɗaure da igiya ta kai ni Dayi sha ɗaya da rabi, naira dubu. Daga nan mashin kuma, rabin awa cikin yashi da burji, ɗari takwas. Kafin kiran azahar ina ƙofar gidan Tabawa. Ita 'yar kawuna ce, taubashiyata, don haka bakinta ba shi da linzami a kaina.

Tana ganina ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Wa ya mutu? Ke da ko biki ba ki zuwa sai an aiko mota!"

Na ce, "Ba ni ruwa tukuna, mai bakin tsiya."

Ta kawo fura, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka. Na ba ta labari ina ci. Ta ce, "Ɗorawar ma tsoronki take ji. Kin tsaya kina hararar ta, ina za ta iya haihuwa?"

Da rana ta yi sanyi muka fita gonarsu. Na ɗaga kai na dubi ɗorawarsu. A reshe ɗaya ga sabon tutu, ga garda, wato 'ya'yan tun suna kore sirara, tsinke guda ya ɗauki goma har fiye. Na duƙa na damƙi ƙasar na murza, irin tamu ce. Na dubi ɓawon itacen, na dubi ganyen. Ba abin da suka fi namu. Na tambayi Tabawa me suke zuba musu. Ta ce, "Me za mu zuba? Allah ne kawai." Na ce na san Allah ne, amma Allah yana yi da dalili.

Sai ta kai ni wurin Malam Barau mai zuma, wani tsoho siriri da ya shekara yana ɗaura amya a kan itatuwan garin. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce, "Hajiya, ƙudan zumana suna taɓawa da safe, amma ba su ne masu babban aikin ba. Ki zo gindin waccan da magariba. Kada ki zo da fitila."

Muka yi sallar magariba a gefen gona, ni da Tabawa, shi yana can gaba. Ina sallamewa na ji wani abu ya ɗiga mini a bayan hannu. Na lasa, zaƙi. Tutun ne ya buɗe yana zubar da ruwansa. Sai ga su. Da farko ɗaya, sai uku, sai na kasa ƙirgawa. Jemagu ne. Kowanne ya zo ya rungume tutu da fukafukansa, ya cusa baki, ya ɗan jima kamar jariri a nono, ya saki ya faɗa wata bishiyar. Akwai sauran haske, na ga ƙirjin wani da fuskarsa sun yi rawaya da garin furen.

Malam Barau ya ce a hankali, "Wannan garin da yake ɗauka daga nan ya kai can, shi ne aurensu. Tutun da jemage bai kwana a kansa ba, yawancinsa zubewa yake."

A lokacin ne wani jemage ya fara kuka daga wajen rafi. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana buga ƙaramin ƙarfe a maƙera. Na san wannan kukan. Na dafa kafaɗar Tabawa muka koma gida.

TALATA: GINDIN DURUMI

Da hantsi Malam Barau ya kai mu inda jemagun suke wuni. Wani tsohon durumi ne da cediya biyu a bakin rafi, inuwarsu har duhu take yi. Sai da ya nuna da sanda sannan na gan su, rataye a ƙarƙashin ganye, biyar nan, goma can, kowa ya naɗe da fiffikensa. Ba a manne suke ba, kowanne ya bar tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. A gindin kunnensu akwai ɗan farin gashi.

Ya ce iri uku ya sani. Birbiri, na cikin ɗaki da ramin soro, shi ƙwari ne abincinsa, ba ruwansa da itace. Sai manyan nan masu wuya ruwan ɗorawa, waɗanda ke zuwa daga kudu in damina ta sauka, su lulluɓe giginya da rimi har reshe ya karye. Su baƙi ne, kaɗanya da 'ya'yan darbejiya suke bi, da kaka ta matso sai a wayi gari babu ko ɗaya. Ya ce yakan tsinci ƙwallon kaɗanya a ƙarƙashinsu, alhali kaɗanyar da ta fi kusa da nan tafiyar wuni ce a ƙafa.

"Amma waɗannan," ya ce, "'yan gari ne. Rani da damina suna nan. Su sha tutu, su sha furen rimi da na kuka, su ci ɓaure da mangwaro. Abu ɗaya suke nema, inuwa mai kauri da za su ɓuya. Inda babu ita, ba sa zama."

Tabawa ta nuna ƙasa ta toshe hanci. "Ƙazamai, masu kashi ta baki."

Ya ce, "Ba kashi ba ne, tuƙa ce. Su tsotse ruwan su tofar, kamar yadda kike yi da rake."

Sai ya juyo gare ni. "Hajiya, wace babbar inuwa ce ta rage a garinku?"

Na fara lissafi a zuci. Rimin bakin kasuwa, an sare. Durumin masallaci, an sare da za a faɗaɗa. Mangwaron mutane kuwa, kowa ya lulluɓe nasa da tsohon gidan sauro, in jemage ya sarƙe yara su kashe. Ta ƙarshe ita ce cediyar bayan gidanmu, wadda mahaifin Malam ya dasa.

Zan faɗi wannan yadda ya faru, Rabi ki rubuta kada ki gyara. Lokacin da Malam yake jinyar ajali, wata biyu ba ya iya barci. Duk dare wannan kukan yake fitowa daga cediyar, ƙwal, ƙwal, daidai saitin tagarsa. Matan da ke zuwa dubiya suka fara cewa ba alheri ba ne, jemagun kiran mutum suke yi. Na kore su da maganarsu, amma ta zauna mini a rai. Na yi hayaƙin barkono a gindinta, jemagun suka tafi kwana biyu suka dawo. Ranar da na fita takaba, ban je gaishe da kowa ba. Masu gatari na fara kira. Da kuɗin daddawata na biya su. Babba har ya ce, "Inna, icen kakanmu ne fa." Na ce masa ya rufe mini baki. Kwana biyu suka yi suna sara, ni kuwa ina tsaye ina jin sanyi a zuciyata.

A gindin durumin nan na faɗa musu haka. Tabawa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

Na ce, "Malam, yaya ake dawo da su?"

Ya ce, "Ba a kiran su. Inuwa ake yi musu, su zo da kansu. Cediya ba ta da wuya, reshe za ki kafa ya kama."

"Shekara nawa?"

Ya ɗaga kai ya dubi itacen. "Kafin ta yi duhun da za su yarda da ita? Sha biyar. In akuya ta bar ta."

Ya hau da kansa, da tsufansa, ya saro mini reshe mai kaurin damtse, tsawonsa ya kai ƙirjina. Na miƙa masa ƙullin daddawar da na zo da shi, Tabawa ta ce, "Au, tsarabar tawa ce ta tafi?" Na ce ta ci tuwon da ta ba ni a madadinta.

LARABA: KOMAWA

Bakwai na safe na bar ƙauyen. Tabawa ta rako ni har inda mashin yake. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ke dai ki ce musu baɗi za su haihu. Ki ce malami ya duba. Wa zai bi sawunki ya tambaya?"

Na ce, "Sai baɗin ta zo in ce me?"

"Ki ce baɗin baɗaɗa. Haka ake rayuwa da maza."

A Dayi yaron mota ya ce sai na biya kuɗin kaya saboda reshen. Na ce sandata ce. Ya ce, "Sanda da ganye, Hajiya?" Muka tsaya a ɗari biyu. Malumfashi goma da rabi, na sha kunun zaƙi na ɗari biyu a tsaye. Tayarmu ta fashe kafin Bakori, muka yi awa guda a rana. Duk tsawon hanyar nan maganar Tabawa nake juyawa. Na san in na ce malami ya duba, Alhaji Mati zai goya mini baya, Babba kuma ba zai tsallake maganata a gaban mutane ba. Zan sami shekara guda. Su kuma su shiga damina ba taki, saboda ƙaryar uwarsu.

La'asar sakaliya na sauka a ƙofar gida. Kafin in wanke ƙafa sun taru a zaure, har Haruna. Sani ne ya fara magana, yana kallon reshen.

"Inna, wannan fa? Magani ne?"

Na ce cediya ce. Na faɗa musu abin da na gani, tun daga tutun har durumin. Na ce itatuwan ba su tsufa ba, ba kuma albarka ce ta bi Malam ba. Jemagu ne babu, kuma ni na kori na ƙarshensu.

Haruna ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Jemage kuma?" Babba ya juya ya dube shi sau ɗaya, ya haɗiye sauran.

Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ido ba, "To Inna, in an dasa wannan, yaushe za su dawo?"

Rabi tana ta ƙifta mini ido.

Na ce, "Shekara goma sha biyar."

Alhaji Mati ya sauke numfashi. "To ai kin yanke hukuncin da bakinki, Hajiya."

Haka ne. Na kashe kuɗin mota, na kwana biyu a gidan mutane, na dawo na miƙa musu hujjar da ba su da ita ranar Lahadi. Babba bai ce mini ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Alhaji, ba a raba gadon Malam ba har yau. Nawa ne rabon matar mamaci in akwai 'ya'ya?"

Ya ce, "Tumuni. Ɗaya cikin takwas."

Na ce, "To a itatuwan nan ba na son nawa a buhun gawayi, ba na son shi a buhun taki. A bar mini shi a tsaye."

Sani ya ce, "Inna, guda ɗaya me za ta yi miki? Ba fa haihuwa za ta yi ba."

Na ce ban tambaye shi ba. Alhaji Mati ya ce haƙƙina ne, ba mai hana ni. Haruna ya fara cewa shi cinikin takwas aka yi da shi, Babba ya ce masa bakwai ne, in bai yi masa ba ya bari.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya a wannan hanya da mutane ke fita ba su dawo ba. Na gode wa Tabawa da tuwonta da bakinta. Na gode wa Malam Barau, wanda ya gaya mini gaskiya bai sa mata zuma ba, ko da yake zuma ce sana'arsa. Matan da suka ce mini kiran mutum ake yi, ban da abin da zan ce musu. Su faɗa suka yi, ni na kira masu gatari.

ALHAMIS

Da gari ya waye na riga kowa zuwa gona. Na zaga su takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ban zaɓi babbar ba, na san kuɗinta ya fi, yaran kuma suna bukata. Na zaɓi ta kusurwar gabas, mai ɗan karkata, wadda ba ta shiga masarar kowa. Na yage bakin tsohon zanena na ɗaura mata, na shimfiɗa tabarma na zauna na jingina da ita.

Bakwai da rabi Haruna ya tayar da inji. Babba ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, ki koma gida, ƙarar nan za ta sa miki ciwon kai."

Na ce masa ya je ya kama aikinsa. Ina nan zaune, tutu yana faɗo mini a cinya duk lokacin da ƙasa ta girgiza, har ta bakwai ta kwanta ana kiran azahar. Ban toshe kunnena ba.